Inda Kanwa Ta Fashe

Kai, ku yi mini shiru, 'yan bana-bakwai, masu hawan doki kamar an aza tulu a kan gammo. Na gan ku jiya a filin bayan gari, kuna miƙewa a kan likkafa, kuna fizgar linzami har bakin dabba yana kumfar jini, ana yi muku guɗa kuna washe haƙora. Wannan ba hawa ba ne, rataya ce. A kwance muku ƙarafan nan biyu da ke ƙarƙashin tafin ƙafarku, mu ga wanda zai kai bakin rijiya bai ci ƙasa ba. An ce ku cire su ku koyi zama, kun ce cinyoyinku na ciwo. To, ku buɗe kunnuwa.

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya yi wani wuri da kauri, ya yi wani wuri ɓawo, ya kuma ɓoye wa ido bambancinsu. Ni ce Kandala 'yar Nomau. Ban yi karatu ba sai abin da zan yi salla da shi, kuma ban iya ƙawata magana ba. Abin da na gani shi zan faɗa.

An haife ni a Kwarin Maje, wata ƙasa da ba ta kan hanyar fatakenku, can bayan duwatsun da rana ke faɗawa. Mu masu kiwon dawaki ne tun kaka da kakanni. Ina budurwa rijiyoyinmu suka juya. Ruwa ya yi ɗaci, ya fara da kashe dukusai, sannan jarirai, sannan manya. Yayyena maza duk muka binne su a shekara guda, sai babbansu, Korau, ya rage.

Dattawa suka ce zama ya ƙare. Gabas da mu akwai Dausayi, ƙasar rafuka da ciyawa, amma tsakaninmu da ita akwai Tafkin Kanwa. Ba tafki ba ne irin wanda kuka sani. Fili ne fari fat iyakar ganinka, samansa busasshen ɓawon kanwa, ƙarƙashinsa baƙar laka marar ƙarshe. Wani wuri ɓawon zai ɗauki raƙumi da kayansa, gaba kaɗan ba zai ɗauki akuya ba, kuma a ido duk ɗaya ne. Wurin kauri na bana shi ne kabarin baɗi. Masu iya ratsa shi wasu mutane ne da ake kira Masaurara, suna zaune a bakinsa ta kudu. Ba sa ja wa baƙo gaba, amma suna koya wa wanda ya zo. Sharaɗinsu guda ne: a aiko mutum biyu 'yan ciki ɗaya, ɗaya ya ja gaban ayari, ɗaya ya tsare baya.

Zaɓen Korau bai zama abin shawara ba. Babu mahayi kamarsa a Kwarin Maje. Yana da likkafun tagulla na gado, masu faɗi kamar faifai, idan ya zura ƙafa a ciki sai ka ce dasa shi aka yi. A kaina ne dattawa suka yi ta gunaguni, wai ina aka taɓa aiken mace neman ilimin doki. Innarmu ta leƙo daga bayan zana ta ce, "Ciki ɗaya aka ce, ba wando ɗaya ba. Ni kuwa su biyu suka rage mini."

Haka muka tashi. Shi a kan goɗiyarsa Gunya, ni a kan wani tsohon baƙin doki da muke kira Duna, da jaki ɗauke da guzuri.

Wahala ta farko ta same mu a wani kwazazzabo mai tsawo, inda mikiyoyi masu girman rumbu ke sheƙa a kan duwatsu. Na ɗaga kai na ga sheƙunansu na ƙyalli, cike da tasoshi da mundaye da kan masu, a ƙasa kuma ƙasusuwan waɗanda suka zo da su. Na sauka na kwaɓa laka na shafe linzamina da awarwarona.

Na ce, "Yaya, kawo likkafun in shafe su."

Ya ce, "Tagullar Baba za ki shafa wa laka? Ke dai ba ki san darajar abu ba."

Bai rufe baki ba inuwa ta rufe mu. Na fizgo tasar cin tuwonmu daga mangala na wurga ta gangare, ta tafi tana walƙiya tana ƙara, tsuntsuwar ta karkata ta bi ta. Amma mangalar ta riga ta buɗe, ludayin ƙarfe ya leƙo, ta biyu ta sauko ta sure jakin da kayansa. Kukansa yana sama muna jin sa har muka fita. Korau ya kwance rawaninsa ya naɗe likkafun da shi.

Yunwa ce ta kai mu wahala ta biyu, wani birni da ake kira Ɗaure. Mazan garin ba sa sauka daga doki. Ranar da yaro ya zama namiji, maƙeri zai rufe masa likkafa a idon sawu da zoben ƙarfe, shi ke nan. A kan doki suke ci, a kai suke shari'a, a kai suke barci. Ƙafafunsu sun tsotse kamar karan dawa. Dawakinsu kuwa, Allah ya kiyaye: baya ya lotsa, gyambo ko'ina, ƙudaje na bi, ido ya mutu.

Suka ga Korau suka yi ta jinjina masa, suka ba mu abinci. Babbansu ya ce irin wannan mahayi bai kamata ƙafarsa ta sake taɓa ƙasa ba, gobe maƙeri zai yi masa girma.

Korau ya dube ni yana murmushi ya ce, "Kin ji inda aka san mutum?"

Ni dai na shiga cikin mata ina taya su daka. Na tambayi wata, idan dokin mutum ya mutu fa? Ta ce, "Tare ake binne su mana. Wa zai raba abin da maƙeri ya haɗa?" Da na kai wa Korau wannan, murmushin ya tafi. Amma ƙin girmansu zagi ne, zagi kuma a garin da mashi ake rama shi.

Al'adarsu ce 'yar'uwar mutum ta wanke masa ƙafa kafin a rufe. Na lafta masa man kaɗanya, na naɗe idon sawun da tsumma mai kauri, na ce haka muke yi don zafin ƙarfe. Maƙeri ya rufe zobe a kan tsumman. Da rana ta take, maza suka fara gyangyaɗi a inuwa, na zare tsumman, ƙafa ta sulluɓo. Muka ja dawakinmu da hannu muka bi ta ƙofar mata, wadda suke fita ɗiban ruwa, gajera ce, mai doki a zaune ba ya shige ta. Suka farka suka biyo mu a sukwane, suka zo ƙofar suka tsaya cirko-cirko suna zagi. Sauka guda ɗaya ta ishe su su kama mu, amma babu mai iya ta.

Bayan doguwar tafiya muka fara jin wani amo kamar ana ƙira daga nesa. Wani busasshen gawo ne a bakin farin fili, an rataye masa likkafu har rassansa sun sunkuya, iska na kaɗa su. A gindinsa wani ɗan tsoho gwame yana zaune, hasken kanwa ya riga ya cinye masa rabin gani. Shi ne Baba Jigo, malamin Masaurara. Muka gaishe shi muka faɗi buƙatarmu.

Ya nuna bishiyar da haɓa ya ce, "Ku rataye."

Korau ya ce, "Baba, to da me zan hau?"

"Da abin da uwarka ta haife ka da shi."

Sannan ya gaya mana sirrin, wanda ba wani dogon sirri ba ne. Kofaton doki yana jin ɓawo. Idan ya tunkari wuri marar kauri, tun kafin kunnensa ya motsa, tun kafin shi kansa ya san tsoro ya kama shi, wani abu yakan ɗaure a bayansa. Wanda nauyinsa ke kan ƙarfe ba zai ji ba. Wanda ya jira kunne kuma, ya makara.

Baba ya ce, "Mu ba ma ganin hanya. Doki ke faɗa, mu mu saurara."

Ku da kuke kukan cinya, ku ji abin da ake kira ciwo. Sai a ɗaura wa doki doguwar igiya, Baba ya tsaya a tsakiya, doki na zagaya shi. Babu likkafa, babu linzami a hannunka, sai ƙwarya cike da ruwa. Tafiya da sauƙi, sukuwa ma da dama-dama. Sassarfa ce azaba. Ruwan ya zube maka a jiki, haƙora su haɗu, ka zame gefe, ka faɗi, a cika ƙwarya a sake. Fatar cinyata ta saɓule, matan garin suka riƙa jiƙa mini bagaruwa ina wankewa. Idan na sauka tafiyar agwagwa nake yi.

Baba ya riƙa cewa, "Ke 'yar nan, daina matse shi, ba gudu zai yi da sadakinki ba. Wanda ya matse da gwiwa tsoro yake faɗa wa doki. Saki ƙafar ta yi nauyi kamar jiƙaƙƙen zane a kan igiya. Kwankwaso ya bi shi. Ke ba kya tuƙa tuwo ne a gidanku?"

Ban san ranar da abin ya zo ba. Na dai lura ruwa ya daina zuba. Sannan na lura Duna ya sake. Dokin da na sani da taurin baki ya sauke wuya, bayansa ya taso a ƙarƙashina kamar gurasa a tanderu. In na ɗaure ciki sai ya tsaya. In na juya ƙugu sai ya juya. Linzami ya zama ado. Ashe duk shekarun nan ba shi ne marar ji ba.

Wata safiya Baba ya ɗaure mini ido ya kai ni gefen tafki. Muna cikin tafiya na ji wani abu a ƙarƙashin cinyata ta hagu. Na karkata dama ban ma yi shawara ba. Baba ya kwance mini ido, ya jefa dutse inda da za mu taka, dutsen ya huda ya nutse.

Korau kuwa abin ya ƙi. Mutumin da bai taɓa faɗuwa a gaban jama'a ba ya zama kullum yana ƙasa. Ƙafarsa ta saba da neman abin takawa, in ta nema ta rasa sai jikinsa duka ya sandare. Matan Masaurara suna daka suna kallo, su ce, "Mai Tagulla ya sake gaida ƙasa! Ƙasa, ki amsa masa mana, tun jiya yake durƙusa miki!" Ya daina cin abinci. Ya daina kallon idona.

Kwatsam sai ya daina faɗuwa. Ya zauna ƙyam, ƙwarya ba ta ko girgiza. Aka yi ta barka. Amma ni Gunya nake kallo. Kanta na sama yadda yake, bayanta a sandare, wutsiya na kaɗawa. Mahayi ya gyaru doki bai gyaru ba, wannan ba ya yiwuwa. Na je wanke ta na ɗaga shimfiɗar sirdi, na tarar da ƙananan zarge biyu na fata an ɗinke su daga ciki, daidai inda babban yatsan ƙafa zai saƙala.

Na kai masa su na ce, "Yaya, mene ne wannan?"

Ya ce, "Na ɗan lokaci ne, kafin jikina ya saba."

"Jikin da ke da abin takawa yaushe zai saba? Kai ba don mata su daina dariya aka aiko ka ba. Mutanen gari za ka ja."

"Ke za ki koya mini doki? Ina kan sirdi aka yanke miki cibi."

"A kan likkafa kake aka yanke mini cibi."

Ya ɗaga hannu kamar zai mare ni, sai ya sauke. Ya karɓi zargen ya jefa a murhu a gabana, ya rantse da nonon Inna ba zai ƙara ba. Duk da haka na je na gaya wa Baba Jigo, don ni ba na rufe ɓarna.

Baba ya ce, "Ya ƙone su?"

Na ce, "Ya ƙone."

"To. Mu ba ma laluben mutum, ba ma kuma jarraba shi. Abin da ke tsakanin cinyar mahayi da bayan dokinsa ba shi da shaida sai su biyu. Ranar da ya ji, shi zai tsaya gaban jama'a ya ce ya ji. Haka muka gada."

Korau ya koma faɗuwa na wani lokaci. Wata rana muna ba dawaki harawa ya tambaye ni da murya mai sanyi, yaya abin yake in ya zo. Na ji tausayinsa na faɗa masa: kamar ka ɗora hannu a cikin mai juna biyu, ɗan ya juya sau ɗaya ya yi shiru.

Ba a daɗe ba wani falke ya kawo labari cewa mutuwa ta ƙaru a Kwarin Maje, har an fara binne mutum biyu a rami guda. A kwanakin nan Korau ya sake daina faɗuwa. Na ɗaga shimfiɗa na duba, na juya sirdin ciki da waje, ban ga komai ba. Sai ga shi ya tsaya a gindin gawo gaban jama'a ya ce, "Na ji."

Baba ya ce, "Me ta ce maka?"

Ya ce, "Kamar ka ɗora hannu a cikin mai juna biyu, ɗan ya juya sau ɗaya ya yi shiru."

Na ce, "Baba, wannan maganata ce."

Korau ya ce, "Abu ɗaya muka ji, dole bakinmu ya zo ɗaya."

Baba ya daɗe yana fuskantarsa da idanun nan nasa masu hazo. Sannan ya miƙa masa gorar ja-gaba, sandar mai jan ayari, ya ce, "Bakinka ya faɗa, wuyanka ya ɗauka."

Muka koma gida ta wata hanyar, muka tarar gari ya zama rabi. Na tsaya gaban dattawa na ce ni zan ja gaba, na faɗi dalilina ban rage komai ba. Suka ce ƙanwa ba ta shiga gaban wa, kuma gora a hannunsa take. Na juya ga Inna. Ta ce, "Ɗana ya rantse da nonona, Kandala. In ban yarda da shi ba, da wa zan yarda?" Don ta nuna wa gari ta yarda, ta sa aka ɗora ta a kan takarkari na farko, dab da bayansa. Matarsa Yalwa da goyonta suka bi ta, sannan dattawa, sannan sauran jama'a da dabbobi. Ni ina can ƙarshe, inda nake ganin ayarin kamar zaren baƙi a kan farin ƙyalle.

Kwanakin farko lafiya, don gefen tafki yana da kauri. Mutane suka fara waƙa suna sa sunan Korau a ciki. Wata tsohuwa ta waiwayo ta ce mini, "Ke mai baƙin baki, ina mutuwar da kika ce?" Na ce Allah ya sa in ji kunya.

A tsakiyar tafkin ne, rana na tsaka, kusa da wani baƙin dutse da ya ɓullo daga cikin kanwa. Na ji ɗan ya juya a ƙarƙashina. Duna yana nesa da inda na gaba suka kai, amma ya ji. Na ɗaga kai na hango Gunya tana gicciye, tana ja da baya. Ita ta yi nata. Ta fara faɗa masa da bayanta, ba a ji ba, har ta kai ga faɗa da jiki duka. Na ƙwala ihu, iska ta tafi da shi.

Sai na ga Korau ya miƙe tsaye a kan sirdi.

Wanda ba shi da abin takawa ba ya miƙewa haka. Ya miƙe, ya ɗaga gorar ja-gaba, ya zabga mata. Ta yi tsalle ta wuce a guje, ita da shi ba su da nauyi, ɓawon ya ɗauke su. Takarkarin Inna ya biyo.

Ƙarar kamar an taka babbar ƙwarya. Farin ya tsage, baƙi ya buɗe. Laka ba ta haɗiye mutum da sauri, wannan shi ne muninta. Muna kallo. Inna ba ta yi kuka ba, ta dai riƙe ƙahon takarkarin. Yalwa ta kwance goyonta ta ɗaga shi sama da hannu biyu tana neman mai karɓa, babu mai iya matsawa. Dattawan da suka ce ƙanwa ba ta shiga gaba, da masu waƙa, da shanu, duk na gaba suka tafi. Na baya suka fara gudu ko'ina, ɓawo na tsagewa a bayansu.

Na sa Duna a gabansu na ce, "Kowa ya zauna inda yake! Wanda ya ƙara taku ɗaya ni zan tura shi da hannuna!" Suka zauna. Na saki linzami a wuyan Duna, na rufe ido, don abin da ido ke gani a lokacin ba zai bar ni in ji komai ba. Ya tafi a hankali, in ya ɗaure hagu in bi dama, in ya ɗaure duka in tsaya. Mutane suka biyo sawunsa ɗaya bayan ɗaya, har muka zagaya muka hau inda ke da kauri, gefen baƙin dutsen.

Korau na can zaune a kan Gunya, bakinsa a buɗe. Na sauka na zare wuƙa na tsarge masa wando daga gwiwa zuwa ƙasa, gaban kowa. Kirin fata ne guda ɗaya. Ya gitta shi a kan sirdi ƙarƙashin mazauninsa, ya shigar da shi ta tsagar da ya yi a wandon, ya sauka cikin kowace ƙafa ya zarge tafin. In zai sauka sai ya zare ya naɗe a ƙugu. Shi ya sa ban same shi a sirdi ba.

Ya ce, "Kandala, mutane na mutuwa a gida. Ba ni da lokacin da zan..."

Na ce, "Ga su can. Je ka gaya musu."

Maza suka zaro wuƙaƙe. Ban hana su ba. Abin da ya tsayar da su shi ne Masaurara, waɗanda suka hango ungulaye suka biyo, Baba Jigo a gaba. Ya ji abin da ya faru, ya shafa kirin da hannunsa, ya ce a mayar da wuƙaƙe.

Ya ce, "Kashe shi hutu ne, kuma akwai aiki. Inda kanwa ta fashe takan yi sabon ɓawo, fari, mai santsi, ya fi ko'ina kyau a ido. Sabon ɓawo kurma ne. Ba ya rawa, doki ba ya jin sa, sai ya buɗe. Yakan yi shekaru kafin ya warke. Dokarmu ita ce, wanda ya fasa shi ke tsarewa."

Aka kafa masa rumfar zana a kan dutsen, wanda faɗinsa bai fi daɓen ɗaki ba. Aka bar masa salkar ruwa da tukunya. Aka karɓe gorar, aka kama ragamar Gunya aka tafi da ita. Aikinsa shi ne duk ayarin da ya hango ya tashi ya yi kira, ya ce ba nan ba, ya kuma faɗi sunayen waɗanda ke ƙasa, don matafiya su san ba wasa ba ne.

Na kai sauran mutanenmu Dausayi. Ruwanta daɗi, ciyawa har gwiwa, amma ba a yi guɗa ba ranar da muka isa. Daga baya na zama mai jan ayari, na yi ta ratsa tafkin nan har gashina ya yi fari. Duk wucewa nakan kai masa ruwa da gero. Tun daga nesa nake jin muryarsa: "Ba nan ba! Inna na nan! Yalwa na nan, da ɗanta!" Ya bi sunayen ɗaya bayan ɗaya har na ƙarshe, bai taɓa tsallake ko ɗaya ba.

Masaurara suka sake horar da Gunya. Ta zama goɗiyar da ake misali da ita. Takan wuce ta gaban dutsen ɗauke da wata mace daga cikinsu, wuya a sauke, linzami a sake, ba ta ko waiwaya. Korau yana kallo, har lokacin da hasken kanwa ya cinye idonsa. Iskar wurin ta farfasa masa ƙafafu, suka kumbura, suka daina ɗaukarsa. Ya koma yin kiran a zaune.

Wata shekara na ajiye masa salka zan juya, ya laluba ya kama ƙafata, wadda ke rataye a gefen doki. Ya riƙe ta yana shafawa.

Ya ce, "Kandala, ɗauke ni a bayanki. Ki kai ni bakin tafki kawai, in taka ƙasa mai ciyawa, ki dawo da ni. Ba zan gudu ba. Da wace ƙafar?"

Na ce, "Akwai ayari a bayana, Yaya. In sun zo ba kowa fa?"

Ya ƙara shafa ta sau ɗaya. Sannan ya saki ƙafar ya ce, "Haka ne."

Da na dawo a kaka ban ji kira ba. Na same shi zaune ya jingina da sandar rumfa, hannunsa a miƙe wajen ramin, kanwa ta lulluɓe shi fari fat, ta busar da shi kamar itace. Na yi masa addu'a. Na jefa dutse a kan sabon ɓawon, dutsen ya huda ya nutse.

Iyakar abin da idona ya gani ke nan, Allah shi ne masanin saura. Ba mu binne Korau ba. Babu ƙasar haƙawa a wurin, matafiya kuma suna hango shi daga nesa su kauce. Muka bar shi a bakin aikinsa, don ɓawon bai warke ba tukuna.